Ranar da Baba Ya Zo Ɗaukata Saboda Sojojin Dalma

Ko da zan manta komai a duniya, ban ga ranar da zan manta zuwan da mahaifina ya yi daga Roni da niyyar raba ni da gidan mijina saboda wasu 'yan sojojin dalma da ba su kai tsawon ɗan yatsana ba. Yanzu na tsufa, sunan jikokina ma sai na kira biyu ko uku kafin in dace da wanda nake nufi, amma wannan rana tana nan garau a kaina, har zafin ranar da aka yi ina iya tunawa.

An kawo ni Kazaure amarya ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, daidai lokacin da motoci suka koma bin hannun dama, direbobi suna ta rikicewa a hanyar Kano. Maigidana malamin makaranta ne, tarihi da labarin ƙasa yake koyarwa. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana, in ya yi dariya sai ya rufe baki da hannu kamar ya yi laifi. Gidan da muke haya yana da shago a kusa da zaure, kullum a kulle. Na ɗauka hatsi yake ajiyewa a ciki. Sai da na kwana biyu a gidan sannan wata Asabar ya kira ni, yana sosa ƙeya, ya ce akwai abin da ya kamata in gani kafin in ji shi a bakin wani.

Da ya buɗe ƙofar sai na ga wani tsohon ƙyaure an ɗora shi a kan durom biyu, an zuba masa rairayi, an yi tuddai da kwari, an kakkafa 'yan tsirarun ganye kamar daji. A kan rairayin kuma ga 'yan mutane nan sahu-sahu, kowa da bindigarsa, wasu a kan doki. Na tsaya ina kallonsu, ina kallonsa.

Ya ce wani Bature ne da suka koyar tare ya bar masa su da zai koma ƙasarsu, tare da littattafai uku. Ya ɗauko littattafan daga cikin akwati, a naɗe cikin farin ƙyalle. Duk a kan yaƙe-yaƙen da aka yi ne a Kudancin Amurka tun zamanin kakannin kakanninmu, musamman wani babba da wata ƙaramar ƙasa, Faragwai, ta gwabza da maƙwabtanta uku, Barazil da Ajantina da Urugwai. Na farko duk hotuna ne masu launi na tufafin sojoji, riga da hula da ɗamara, har maɓalli sai da aka nuna. Na biyu taswirori ne na koguna da sansanoni, da bayanin yadda kowane karo ya gudana. Na ukun siriri ne, shi ke faɗin yadda ake wasan: a auna tafiyar soja da tef irin na tela, a jefa ɗan ludo mai ɗigo-ɗigon nan don a san wanda harsashi ya samu.

Na ce, "Malam, wato dai wasan 'yar tsana kake yi?"

Ya rufe baki da hannu. Ya ce, "Kusan haka ne. Sai dai tawa 'yar tsanar tana da littafi."

Sojojin da Baturen ya bari ba su da yawa. Sauran maigidana ne ya ƙara. Yakan sayo tsohon batirin mota, ya kai wa wani maƙerin fari, a danna soja ɗaya cikin yumɓu a fitar da siffarsa, a narka dalma a zuba. Matsalarsa fenti. Hannunsa rawa yake, sai ka ga ya shafa wa soja jan riga har gemu. Ni kuwa da ɗinkin hula na tashi, allura da zare ba baƙina ba ne. Wata rana na gaji da ganin ɓarnar da yake yi, na ce ya ba ni in gwada. Tun daga nan aikin ya dawo hannuna. Shi ya buɗe littafin hotuna ya dafa shafin, ni ina tsoma ɗan burushin da muka haɗa da gashin jelar akuya. Mutanen Faragwai jan riga da farin wando, na Barazil shuɗi mai duhu. Kogin ma tsohon zanena ne na rini na yaga masa muka shimfiɗa.

A wajen littattafan nan ba ya wasa. In littafi ya ce wuyan riga baƙi ne, to baƙi ne, ko da kuwa wuyan bai kai ƙwayar gero ba. Na tuna ranar da na yi wa wani mai jan riga baƙin takalmi. Ya ɗaga shi ya duba, ya nuna mini hoton, ya ce ai yawancinsu ba takalmi suka yi yaƙin. Na ce to ni dai nawa ba zai shiga ƙaya ƙafa a ƙasa ba. Ya yi ta dariya har da hawaye, ya bar shi haka. A irin wannan zama nake jin labarin wurare da ban taɓa sanin Allah ya halicce su ba, yana karantawa da Turanci yana mayar mini da Hausa. Ban ce ina gane komai ba, amma na gane mijina, wanda a waje kalma biyar ke masa wuya, a shagon nan kuwa sai an ce masa tuwo zai huce.

Da bazara ta kama sai ƙyanda ta shigo unguwarmu. Yara suka yi ta kwanciya. A cikin wannan hali wata maƙwabciyarmu, wadda ɗanta ke kwance, ta shigo aron rariya. Ina bayan gida, ƙofar shago kuma a buɗe. Abin da ta gani shi ne malamin boko ya sunkuya a kan rairayi, ga 'yan mutane jajaye kamar an tsoma su a jini, yana jefa wani abu, yana magana shi kaɗai da wani yare, sannan ya sa yatsa ya kwantar da ɗaya. Ko rariyar ba ta tsaya karɓa ba.

A yau da na yi shekaru ba na ganin laifinta. Uwa ce mai ɗa a kwance, ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Amma maganar da ta fita daga gidanta ba ita ce ta isa bakin kasuwa ba. Kafin a jima labari ya zama wai kowane ɗan mutum-mutumi yana da sunan wani a unguwa, wanda duk Malam ya kwantar, sai ciwo ya kama shi. Mata suka daina shigo mini. Masu kawo hula ɗinki suka aiko aka karɓe. Yarinyar da ke kawo mana nono ta koma tsayawa daga nesa. A masallaci, in ji maigidana, wanda ke kusa da shi a sahu sai ya ɗan matsa. Da farko ya mayar da abin raha. Ranar da shugaban makarantarsu ya kira shi ya ce iyayen yara sun fara magana, ranar ya dawo bai ci abinci ba. Ya kulle shagon, ya rataye makullin a ƙusa, ya ce in Asabar ta zo zai kwashe su duka ya zuba a tafki. Littattafan kuwa bai ce komai a kansu ba, ni ma ban tambaya ba. Lokacin ina da juna biyu, na fari.

Asabar ɗin ba ta zo ba sai ga Baba. Da hantsi na ji sallamarsa a zaure. Mahaifina ɗan kasuwar hatsi ne, tsakanin Roni da Babura yake harkarsa, kuma a can kasuwar Babura wani ya ja shi gefe ya ba shi labarin surukinsa. Mutum ne mai magana ɗaya. Da yake ni ce 'yarsa ta fari, bai taɓa kiran sunana ba. Na fito da kwanon ruwa na durƙusa.

Ya ce, "Ke 'yar nan, ajiye ruwan. Ɗauko mayafinki."

Na ce, "Baba, ka sha ruwa mana, ka sha hanya."

"Ba ruwa na zo sha ba. Ban ba da ke don a kai ki gidan tsafi ba. Tashi."

Tunda nake ban taɓa mayar masa da magana ba. Amma na san in na sa ƙafa na fita a ranar, to maganar mutane ta tabbata ke nan, kuma mutumin da ke can aji yana koyar da 'ya'yan wasu zai dawo ya tarar da gida wayam. Ban ɗago kai ba na ce, "Baba, ka gafarce ni. In ka ce in bi ka, zan bi ka. Amma abin da ake faɗa ɗin, da hannuna na shafa musu fenti. In tsafi ne, to da ni a ciki. Ina roƙonka ka gani da idonka tukuna."

Na ɗauka zai daka mini tsawa. Can sai ya ce, "Ina abin yake?"

Na ɗauko makullin na buɗe. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi addu'o'insa, ya tuɓe takalmi, ya shiga da ƙafar dama. Ya daɗe yana kallon rairayin, hannunsa a baya, bai taɓa komai ba. Na warware farin ƙyallen, na buɗe littafin hotuna, na ɗauko soja ɗaya na tsayar da shi a gefen hotonsa. Baba bai iya boko ba, amma mai auna hatsi ido gare shi. Ya dubi hoton, ya dubi sojan, ya sake duban hoton.

"Wannan shi ne wannan," in ji shi.

Na ce, "Shi ne, Baba. Daga littafin muke kwaikwaya. Mutanen wata ƙasa ce can bayan teku, sun mutu tun ba a haifi kakanka ba ma wataƙila."

Ya zauna a kan akwatin, ya karɓi littafin ya ɗora a cinya, yana lasar yatsa yana buɗewa. Ya iso wani hoto da sojoji suka kewaye wuta, ɗaya yana zuƙar wani abu daga ɗan ƙaramin duma da tsinken ƙarfe. Ya ce, "A'a! Har duma gare su?" Da na miƙa masa na taswirori sai ya tsaya a kan wani sansani da aka zana a gaɓar kogi. Ya bi layin da yatsa, ya ce wannan ai ganuwa ce, ga ramin da ake haƙawa a bayanta, ga ƙofa. Sai ya shiga ba ni labarin da kakansa ya ba shi, na zamanin da mayaƙan Damagaram ke kawo hari ƙasar nan, yadda ake kora dabbobi cikin gari a rufe ƙofa, mata su hau dutse da yara. Ban taɓa jin wannan labari a bakinsa ba sai ranar. Na lallaɓa na turo masa kwanon ruwan, ya ɗauka ya sha bai ma lura ba.

Da azahar maigidana ya dawo. Ya hango takalman Baba a ƙofar shago. Ya tuɓe nasa tun daga zaure, ya tsuguna a bakin ƙofa ya kwashi gaisuwa. Baba ya amsa a taƙaice.

"Malam, tambaya zan yi maka, ka ji tsoron Allah ka ba ni amsa. Waɗannan mutanen, akwai mai sunan wani a garin nan?"

"Wallahi babu, Baba."

"Wannan abin da kake jefawa, ana sa wani abu a ci?"

"Ba a sa komai, Baba. Yawanci ma ni kaɗai nake yi."

"To me kake samu a ciki?"

Maigidana ya yi ta kame-kame. Ya ce in ya karanta labarin yaƙi a littafi yakan manta, amma in ya jera su a kan rairayi sai ya gane dalilin da ya sa aka ci wane, aka kasa cin wane, kuma hakan yana taimakonsa a aji. Sannan ya ƙara da ƙaramar murya, "Kuma dai ina jin daɗinsa ne kawai, Baba."

Baba ya ce, "Wannan ta ƙarshen ita ce gaskiyar." Na ga gefen bakinsa ya motsa. Sannan ya ce, "Laifinka ɗaya, ka kulle ƙofa. Mutane sun ga kulle, sun cika ɗakin da abin da ransu ya ba su. In an yi la'asar a fitar da ƙyauren nan waje. Ni zan je in gai da liman da mai unguwa."

Haka kuwa aka yi. Aka kinkimo ƙyauren da durom ɗinsa aka ajiye a gindin darbejiyar ƙofar gida. Kafin a gama jera sojojin wuri ya cika, wasu sun matso, wasu sun tsaya daga nesa yadda in abin ya tashi za su riga kowa gudu. Ni ina cikin zaure a bayan asabari ina leƙe. Mata suka fara zamewa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, har da maƙwabciyar nan, ta raɓe a bayana.

Liman ya karɓi littattafan ya duba su shafi-shafi, ya yi tambayoyinsa. Mai unguwa ya ce to a yi wasan a gaban kowa a gani. Maigidana ya shimfiɗa zanen kogin, ya ɗora jiragen ruwa biyu da ya yi da gwangwanin kifi, ya ce waɗannan na Barazil ne, jikinsu duk ƙarfe. Ya jera kwale-kwalen karan dawa cike da masu jan riga. Da ya shiga labarin sai ya manta da taron. Ya ce littafin ya nuna yadda masu jan rigar suka lulluɓe kwale-kwalensu da ciyawa don a ɗauka yayi ne ruwa ya kwaso, suka matso, suka haye jiragen da takubba. Mutanen ciki suka shige suka kulle kansu a cikin ƙarfe, sauran jirage suka buɗe wuta. Kaɗan ne suka koma gida.

Ya miƙa wa Baba tef da ɗan ludo, ya ce shi ne shugaban masu jan riga. Baba ya gyara zaman babbar rigarsa, ya auna tsakanin kwale-kwale da jirgi kamar mai awon yadi. Ya dubi gwangwanin, ya dubi karan dawar. Sai ya ajiye ɗan ludon.

Mai unguwa ya ce, "Alhaji, tura su mana mu gani."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan tura ba. Kara da ƙarfe? 'Ya'yan mutane ne fa."

Maigidana ya ce, "Baba, ai haka littafin ya ce an yi."

"Littafin ya faɗi abin da aka yi. Bai ce ni ma in yi ba." Ya sa hannu ya janye kwale-kwalen ɗaya bayan ɗaya zuwa gaɓa, ya ce su koma bayan ganuwa su jira, wanda ke son su ya sauko ƙasa ya same su.

Wurin ya ɗauki dariya, har liman sai da ya sunkuyar da kai. Waɗanda ke nesa suka matso. Nan take gardama ta kaure, wani ya ce Alhaji ya yi daidai, wani ya ce ai tsoro ne, wani mahauci ya rantse da shi ne da ta bayan tudu zai zagayo. Mutanen da jiya ke matsawa daga mijina a sahu, ga su suna jan hannun rigarsa yana duba musu littafi ko doki zai iya ƙetare kogin.

Ana cikin haka wani dattijo da ke zaune a gefe ya yi gyaran murya. Kowa ya san shi, ɗansa ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba. Ya ce, "Malam, ƙarshenta yaya aka yi da su, masu jan rigar?"

Maigidana ya buɗe wajen ƙarshen littafin. Ya ce an ci su. Ya ce yaƙin ya daɗe har mazan ƙasar suka kusa ƙarewa, aka koma ɗaukar tsofaffi da yara ƙanana, bayan an gama kuma mata ne suka yi noma suka sake tayar da garuruwa. Dariyar ta ɗauke. Dattijon ya daɗe yana kallon 'yan sojojin, sannan ya ce, "Ashe ko'ina haka yake." Liman ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya raba mu da sake ganin yaƙi, aka shafa. A bayan asabari na ji wata tana jan hanci.

Sannan liman ya yanke magana. Ya ce tsafi dai babu, caca ma babu tunda ba a sa komai. Amma siffa siffa ce, don haka kada a yi salla a ɗakin da suke, in an gama kuma a mayar da su akwati a rufe. Ya ƙara da cewa ciwo da lafiya na Allah ne, masu yaran da ke kwance su kai su asibiti, kuma kowa ya kiyayi faɗin abin da bai tabbatar ba a kan ɗan'uwansa. Bai kama sunan kowa ba. Maƙwabciyata ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Da mata suka fara watsewa sai ta taɓa ni a kafaɗa, ta ce a hankali, "Ke kika yi musu jar rigar nan? Hannunki da kyau." Na ce ya mai jiki. Ta ce da sauƙi. Iyakar abin da muka ce ke nan, kuma mun zauna lafiya da ita har aka yi wa maigidana canjin wurin aiki. Yaron nata ya warke.

Baba ya kwana, da safe ya yi shirin komawa. Na durƙusa a zaure ina yi masa sallama. Ya ce, "Ke 'yar nan, mijinki yaro ne a zuci, amma ba mugu ba ne. Ki riƙe shi." Ya juya wajen maigidana da ke riƙe da jakarsa, ya ce, "In na sake zuwa, ni zan riƙe jiragen ƙarfen." Ya kuwa sake zuwa, ba sau ɗaya ba, har mahaifiyata ta fara tambayar wace irin kasuwar hatsi ce ta buɗe a Kazaure.

Baba da maigidana duka sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, in ka ga wanda kake ƙauna yana wani abu da ba ka gane ba, kafin ka yanke masa hukunci ka zauna ka ce ya nuna maka. Baba ya zo da fushinsa da hukuncinsa a shirye, ga shi babba, ba wanda zai ce masa don me. Amma da 'yarsa ta ce ya duba, sai ya duba. Tun daga ranar, duk wanda aka kawo mini ƙararsa a cikin 'ya'yana da jikokina, ba na cewa komai sai na je na gani da idona.